Katunan Wasiƙa na Jamusawa a Zamanin Yaƙi

Cikin al'adun Turawa waɗanda kan ba baƙo mamaki akwai tara tsofaffin abubuwa. Wani ya tara kan sarki, wani tsofaffin kuɗi, wani kuwa ba abin da ya ke nema sai katin wasiƙa, watau 'yar takardar nan mai kauri wadda ba ta fi tafin hannu ba, wadda a kan yi rubutu a bayanta a jefa ta akwatin gidan waya haka nan, ba ambulan. Cikin katunan nan, waɗanda Jamusawa suka buga a zamanin yaƙe-yaƙensu, daga 1870 zuwa 1945, suna daga cikin waɗanda aka fi nema. Sai ka ga dattijo mai hankalinsa ya yini yana tone-tone a kasuwar tsofaffin kaya, don ya sami 'yar takardar da wani soja ya saya da 'yan kwabbai fiye da shekara ɗari da suka wuce. Wanda bai san dawan garin ba ya ce aikin banza ne. Amma katin nan fuska biyu gare shi. A ɗaya akwai hoton da masu mulki da masu ɗab'i su ke so jama'a su gani, a ɗayar kuwa akwai abin da talaka ya rubuta da hannunsa. Sau da yawa fuskokin nan biyu ba su faɗin magana ɗaya.

Wanda ya fara kawo shawarar katin wasiƙa a Jamus wani ma'aikacin gidan waya ne na ƙasar Purushiya, sunansa Heinrich von Stephan. A 1865 ya lura yawancin saƙon mutane gajere ne, bai cancanci wahalar neman takarda da ambulan da abin liƙewa ba. Manyansa ba su yarda ba, suna ganin rashin mutunci ne a bar maganar mutum a fili, kowane masinja da kowane bara ya karanta. Sai ƙasar Ostiriya ta riga su. Ran 1 ga Oktoba 1869 ta fitar da katin farko, bisa shawarar wani malami mai suna Emanuel Herrmann. Kuɗinsa bai kai rabin na wasiƙa ba, kafin wata uku kuwa an sayar da wajen miliyan 3. Da Stephan ya zama shugaban gidajen waya na Jamus ta Arewa a 1870, bai tsaya shawara ba. Ran 25 ga Yuni na shekarar nan aka fara sayarwa a Barlin, a yini ɗaya aka saye fiye da 45,000. Stephan ɗin nan shi ne kuma ya yi ta faɗi-tashi har aka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya a 1874, wadda albarkacinta mutum kan manna kan sarki a Kano, wasiƙarsa ta isa Makka ko Landan ba tare da an sake biyan kuɗi a kowace iyaka ba.

Ba a yi wata guda da fitowar katin ba sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Jamusawa da Faransa. Hukuma ta ce soja ya aika da katinsa gida kyauta, muddin an rubuta Feldpost a kansa, watau wasiƙar bakin dāga. Kafin ƙarshen 1870 sojoji sun aika da wajen miliyan 10. Dalilin karɓuwarsa ba ɓoyayye ba ne. Yawancin sojojin nan 'ya'yan manoma ne da leburori, sun yi makaranta amma hannunsu bai saba da alƙalami ba. Duk wanda ya koyi rubutu da girmansa ya san wuyar cika takarda guda. Kati kuwa layi huɗu ya ishe shi: gaisuwa, ina nan da rai, a aiko da safa da taba, a gai da yara. A kwanakin nan ne kuma wani mai ɗab'i na garin Oldenburg, August Schwartz, ya buga ɗan hoton sojan igwa a kusurwar kati ya aika wa surukansa, ran 16 ga Yuli 1870. Masu tarawa da yawa suna lissafa wannan a kan katin hoto na farko a Jamus. Ka ga ke nan tun ranar suna katin hoto da soja su ke tare.

Yaƙin ya ƙare da nasarar Jamusawa, aka haɗa ƙasashensu daula guda a 1871, Sarkin Purushiya ya zama Kaisa, watau sarkin sarakuna. Daga wajen 1890 sana'ar buga kati ta bunƙasa ƙwarai. A kan zana hoto a kan dutse mai sumul, kowane launi da dutsensa, a yi ta dannawa ɗaya bayan ɗaya har hoton ya cika. Babu waɗanda suka kai maɗaba'un Leipzig da Dresden da Barlin gwaninta a wannan aiki, har ya zama katunan garuruwan Amurka ma a Jamus a ke buga yawancin masu kyaunsu, sai da Amurka ta ɗora musu kuɗin fito mai nauyi a 1909. Cikin hotunan da aka fi bugawa akwai Jamaniya, wata mace da aka ƙaga don ta tsaya a madadin ƙasa, sanye da sulke, da takobi a hannu. Akwai Bismak, wazirin da ya haɗa daular. Akwai kuma Kaisa Wilhelm na Biyu, mai gashin bakin nan da ya miƙe sama kamar ƙahon bajimi, wanda ya ke son hoto kamar me, yau cikin kayan sojan doki, gobe cikin na sojan ruwa.

Katunan nan sun zo har kusa da mu. Jamus ta kama Kamaru da Togo a 1884, ta yi ta turawa arewa har ta ci Garwa da Marwa a 1901 da 1902, inda ta yaƙi Lamiɗo Zubairu na Adamawa bayan Ingilishi sun fitar da shi daga Yola. Hafsoshi da 'yan kasuwa da masu wa'azin Kirista suka riƙa aika wa danginsu katuna masu hoton tashar Duwala, da askarawa baƙaƙe cikin kayan sarki, da fataken Hausawa da kayansu. Kan sarkin da a ke mannawa, daga 1900, hoton jirgin ruwan shan iskar Kaisa ne. Da yaƙi ya tashi a 1914, sojojin Nijeriya suka shiga Kamaru tare da na Faransa. Harin farko da aka kai Garwa a ƙarshen Agusta bai yi nasara ba, sai ran 10 ga Yuni 1915 garin ya faɗi. Kyaftin von Raben kuwa ya maƙale a kan dutsen Mora da 'yan sojojinsa wajen shekara ɗaya da rabi, bai sallama ba sai ran 18 ga Fabrairu 1916, bayan sauran Kamaru duk ta tafi. Ingilishi suka tarar da tarin kan sarkin nan mai jirgi, maimakon su ƙone shi sai suka buga masa haruffa uku, C.E.F., da farashi na kwabo da sule, suka ci gaba da aiki da shi. Katin da ke ɗauke da irinsa, da hatimin gidan waya na gaske, yau abin nema ne ruwa a jallo.

Amma babban zamanin katin wasiƙa shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jamus ta kira mutum fiye da miliyan 13 aikin soja, kusan babu gidan da ba a taɓa ba. An lissafa cewa daga 1914 zuwa 1918 saƙonnin da suka yi kai da kawo tsakanin bakin dāga da gida sun haura biliyan 28, watau miliyan dubu sau 28, wasiƙu da katuna da ƙunshin kaya. Wannan ne ya sa har yau katin soja na wannan yaƙi ba shi da tsada, don abin da ya yi yawa haka ba ya ƙarewa.

Katunan watannin farko cike su ke da alfahari. Ga Kaisa da maganarsa ta 4 ga Agusta, cewa daga yau bai san jam'iyya ba, Jamusawa kaɗai ya sani. Ga sojan Jamus ƙato ya kifa Bafaranshe da Barashe da Ba'ingilishi a cinya yana zane su kamar yara. Ga addu'ar da ta zama gaisuwa a bakin mutane, wai Allah ya hukunta Ingila. Kowa yana tsammanin kafin Kirsimeti an dawo gida. Abin lura shi ne, waɗanda suka fara ƙyamar katunan ba'a ɗin nan su ne sojojin da ke cikin ramuka. Sun ga abokan gāba da idonsu, sun san ba matsorata ba ne, sun kuma ga cewa in an ce maƙiyi rago ne, to, an raina jinin wanda ya mutu wajen yaƙarsa. Hukuma da kanta ta shiga hana waɗansu. Ingila da Faransa ma, kada a manta, suna can suna buga nasu, inda Bajamushe ya ke fitowa da siffar alade ko dodo mai cin yara.

Sa'an nan aka shiga cinikin jarumawa. Hindenburg, wanda ya karya rundunar Rasha a Tannenberg a Agustan 1914, ya zama kamar uban ƙasa. A 1915 aka sassaƙa gunkinsa na itace a Barlin, tsawonsa ya fi gidan bene, mutane suna biyan kuɗi su buga ƙusa a jikinsa don taimakon iyalan mamata, su sayi katin hotonsa su aika ƙauye. Otto Weddigen, mai jirgin ƙarƙashin ruwa, ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila uku cikin safiya ɗaya, ran 22 ga Satumba 1914, mutum fiye da 1,400 suka halaka. Hotonsa ya cika kantuna. Wata shida bayan haka shi ma ruwa ya ci shi. Wani kamfani na Barlin mai suna Sanke ya riƙa fitar da hotunan matuƙan jirgin sama, kowane kati da lambarsa, yara suna tarawa suna musaya. Mafi shahararsu Manfred von Richthofen, mai jan jirgi, ya kakkaɓo jirage 80 kafin a kashe shi a Afrilun 1918 yana da shekara 25. Wanda ya jera katunan Sanke bisa lambobinsu, ya bi sunayen ɗaya ɗaya, zai tarar da yawa daga cikin samarin nan ba su ga ƙarshen yaƙin ba.

To, a juya katin. Nan ne a ganina darajarsa ta ke. A gaba ga soja tsaf-tsaf, ba ko ɗigon taɓo a takalminsa, yana tunanin budurwarsa wadda aka zana cikin gajimare bisa kansa. A baya kuwa, da fensir, rubutu a karkace: ruwa ya cika rami, ƙwarƙwata ta hana barci, wane ɗan unguwarmu ya rasu, a aiko da man shanu in akwai. Ba su iya faɗin kome da kome ba, don hafsoshi na iya karantawa, an kuma hana ambaton inda a ke. Daga 1917 ma aka cire daga hatimin abin da zai nuna rundunar da kati ya fito. Amsar da ke zuwa daga gida ita ma ba daɗi. Jiragen Ingila sun tsare teku, abinci ya yanke, a hunturun 1916 zuwa 1917 dankali ya ƙi, mutane suka koma cin wani irin tushe da a da dabbobi a ke ba. Yunwa da cututtukanta suka kashe dubban ɗaruruwa. Cikin wannan hali gwamnati ta riƙa buga katuna tana roƙon jama'a su ba ta rance. Sau tara aka yi wannan roƙo, aka tara mak wajen biliyan 98. Katin rance na 1917, wanda Fritz Erler ya zana, ya bambanta da na 1914 kamar dare da rana: soja ne mai baƙar fuska, da hular ƙarfe, tsaye cikin waya mai ƙaya, idanunsa kaɗai ke haske. Waɗanda suka ba da rancen nan ba su ga kuɗinsu ba. A 1923 mak ta lalace har aka buga kan sarki guda na biliyan 50. Sojojin Jamus wajen miliyan 2 ne ba su komo ba.

Akwai wani rukuni na katunan yaƙin nan da ya shafi Musulmi. Da Turkiyya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Sarkin Musulmi na Istambul ya yi shelar jihadi a Nuwamban 1914. Jamusawa suka yi dabara, suka ware fursunoni Musulmi waɗanda suka kama daga rundunonin Faransa da Ingila, mutanen Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Afirka ta Yamma da Indiya, suka tara su a wani sansani a Wünsdorf, kudu da Barlin. Suka gina musu masallacin katako mai ƙubba da hasumiya, aka buɗe shi a Yulin 1915, shi ne masallaci na farko da aka gina don salla a ƙasar Jamus. Aka ɗauki hotonsa, da na sallar idi da yankan raguna, aka buga a katuna don duniya ta ga Kaisa masoyin Musulmi ne. Nufinsu fursunonin su juya wa iyayengijinsu baya su tafi yaƙi tare da Turkawa. Kaɗan ne suka amsa. Masallacin bai daɗe ba, an rushe shi bayan yaƙi da 'yan shekaru, katunan nan suna daga cikin abin da ya rage na kamanninsa.

Zamanin Hitila, daga 1933, wani abu ne dabam. A zamanin Kaisa ɗaruruwan maɗaba'u ne ke buga abin da suka ga zai sayu, hukuma tana bi tana tsincewa. A zamanin Hitila kuwa an kafa ma'aikata sukutum ta farfaganda a ƙarƙashin Goebbels, ba abin da zai fita sai wanda ya dace da nufinta. Mai ɗaukar hoton Hitila, Heinrich Hoffmann na Munik, ya yi dukiya mai yawa da katunansa: Hitila yana shafa kan yara, Hitila da karensa, Hitila yana duban duwatsu shi kaɗai kamar mai tunanin talakawa. Wani kati na 1933 ya jera kawuna huɗu, Sarki Firedirik Babba da Bismak da Hindenburg da Hitila, don a nuna wai shi ne magajinsu. Katunan cin mutuncin Yahudawa kuwa ba Hitila ya fara su ba, tun zamanin Kaisa a ke sayar da su a wuraren shan iska, mutane suna aika wa juna suna dariya. Abin da aka fara da dariya ya ƙare da kisan Yahudawa miliyan 6.

Kati biyu za su ishe mu misali daga Yaƙin Duniya na Biyu, ba kuwa mai hoto a cikinsu. A Barlin akwai wani lebura, Otto Hampel, da matarsa Elise. Da aka kashe ɗan'uwan matar a yaƙin Faransa a 1940, sai suka shiga rubuta katuna da hannu suna kiran mutane su ƙi Hitila, suna ajiyewa a matakalan gidaje da akwatunan wasiƙa. Ba masu ilmi ba ne, rubutunsu ma da kurakurai. Sun rubuta fiye da 200 cikin shekara biyu, kusan duk wanda ya tsinta kuwa, don tsoro, sai ya kai wa 'yan sanda. Aka kama su a 1942, aka fille musu kai ran 8 ga Afrilu 1943. Katunansu suna nan, don 'yan sandan ciki sun adana su cikin fayil.

Na biyun daga sansanin Auschwitz ya fito. A farkon Maris 1944 aka raba wa waɗansu Yahudawan ƙasar Cek katuna, aka ce su rubuta wa danginsu suna nan lafiya, amma su sa kwanan wata na 25 ga Maris. A daren 8 ga wata aka kashe wajen 3,800 daga cikinsu da iskar guba. Katunan suka isa hannun dangi daga baya, suna shaidar lafiyar mutanen da sun riga sun zama toka.

Saboda irin wannan ne tara katunan zamanin Hitila ya ke da nauyi. Dokar Jamus ta hana nuna tambarin jam'iyyarsa a fili, sai don koyarwa ko bincike ko abin da ya yi kama da su, shi ya sa masu sayarwa a can su kan rufe tambarin da 'yar takarda. Cikin masu saye akwai malaman tarihi da gidajen ajiye kayan tarihi, akwai kuma, ba a ɓoye ba, waɗanda zuciyarsu ke marmarin zamanin. A kan gane su daga abin da su ke nema: na farko yana tambayar wa ya rubuta, daga ina, zuwa ga wa, na biyu kuwa hoton kaɗai ya ke so, ya fi ma son katin da ba a taɓa rubutu a kansa ba.

Gwanin tarawa yana da alamun da ya ke dubawa. In bayan katin duk na adireshi ne, saƙon kuwa an matsa shi a gefen hoto, to, ya girmi 1905, don a shekarar nan ne Jamus ta yarda a raba baya biyu, rabi saƙo rabi adireshi. In kan sarkin Jamaniya ne aka rubuta Reichspost a ƙasansa, na 1900 ne zuwa 1902. Katin sojan Yaƙi na Biyu ba ya faɗin gari, sai lamba mai alƙaluma biyar, akwai kuwa littattafan da ke fassara kowace lamba da rundunarta, har a san ko mai rubutun yana cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a Stalingrad. Jabu ya yi yawa, musamman na Hitila da na matuƙan jirgin sama. A kan haska kati da wata fitila mai shuɗin haske, in ya yi ƙyalli fari fat, to, takardar bayan yaƙi ce, don sai wajen 1950 aka fara zuba wa takarda maganin da ke sa ta haka. Maƙiyan kati kuwa su ne rana da danshi da gam, mu nan sai mu ƙara da gara.

Tun yaƙi na ci aka fara wannan tari. Wani attajiri, Richard Franck, ya kafa ɗakin ajiye takardun yaƙi a 1915, yana nan har yau a Stuttgart, gidan tarihin sadarwa na Barlin kuma yana riƙe da dubban wasiƙun sojoji waɗanda iyalai suka kawo. Sai dai akwai wata wahala. Jamusawan dā suna da irin rubutun hannunsu mai tsini-tsini, wanda gwamnatin Hitila ta hana koyarwa a makarantu a 1941. Yau saurayi Bajamushe mai digiri sai ya ɗauki katin kakan-kakansa, harshensa ne, amma ya kasa karanta ko layi ɗaya, kamar ɗan boko da aka miƙa wa wasiƙar kakansa ta ajami. A birnin Hambag har ƙungiya waɗansu tsofaffi suka kafa don wannan, a kan aiko musu da katuna da wasiƙu daga ko'ina, har daga jikokin Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, su zauna da tabarau da madubin ƙara girma su juye su cikin rubutun yanzu.